Ragon da Aka Yanka wa Surukai

"Wa ya yanka Préfet?"

Zalihatu ta yi tambayar tana tsaye a tsakar gida, bokitin dusa a hannunta, jan lallen jiya a tafinta. Idonta na kan katanga, inda aka shanya wata farar fata mai baƙin tabo a kafaɗa. An barbaɗe ta da gishiri, ƙudaje suna ta hidimarsu.

Yayanta Abdulra'uf yana kan benci yana tsoma burodi a kofi. Bai ɗago ba.

"Yau babu ina kwana a tsarinki?"

"Yaya, wa ya yanka shi?"

"Ni. Da bismilla, da wuƙa mai kaifi. Bai sha wahala ba."

"Da izinin wa?"

Sai a nan ya ɗago.

"Izini? A gidan ubana? Iyayen Muhyiddeen sun taso tun daga Treichville neman aurenki. So kike in tafi kasuwa in sayo musu nama a leda, alhali suna jin kukan tumaki a bayan ɗaki? A ce 'ya'yan Malam Idrisu sun yi rowa?"

"Akwai raguna a kasuwa..."

"Akwai a gida."

Gidan nasu yana can ƙarshen Williamsville, inda kwalta ta gaji ta tsaya. Marigayi Malam Idrisu ya bar musu fili a bayan gida da 'yan dabbobi: tumaki, awaki, zomaye, zabi, agwagi, wani jaki mai taurin kai da kunkuru da ya girmi kowa. Tun yana raye yaran unguwa suke leƙe ta katanga. Zalihatu ce ta lura cewa a Abidjan akwai yaron da ya iya sunan giwa da Faransanci amma bai taɓa taɓa akuya ba. Ta share filin, ta kafa shinge, ta yi ta yawo makaranta-makaranta har malamai suka fara kawo mata yara ranar Laraba da Asabar. Da kuɗin da ake samu a nan gidan yake ci. Abdulra'uf yana da ɗan teburin kayan mota a unguwar Roxy, kuma shi ake kira maigida, domin shi ke da gemu.

Préfet kuwa ragon da ta shayar da kwalba ne tun da uwarsa ta mutu. Yara suka raɗa masa sunan, wai tafiyarsa ta manyan gwamnati ce: a hankali, ciki a gaba, yana karɓar duk abin da aka miƙa masa. Ana hawan bayansa, ana jan kunnensa, ana rataya masa jakar makaranta a ƙaho. Bai taɓa ko harara ba. Yara da yawa saboda shi suke zuwa.

"Wannan ba nama ba ne, Yaya. Ma'aikacina ne. Ya fi wasu masu shan kofi aiki a gidan nan."

"Ki kiyaye harshenki."

"Shi ya sa aka ce in zauna a ɗaki jiya? Wai kunya, wai lalle, wai kai za ka ba dabbobi abinci?"

Inna Delu ta fito daga madafa tana goge hannu da bakin zani.

"Ya isa, Zalihatu. Maƙwabta na ji."

"Inna, kin sani?"

"Sai da aka feɗe na sani." Ta kawar da kai. "Farfesun da na kai miki ɗaki... har ƙari kika nema."

Bokitin ya suɓuce. Zalihatu ta zagaya bayan ɗakin zomaye ta yi amai.

Da hantsi ta shiga woro-woro, tasin haɗaka, zuwa Roxy, ta canza mota, ta haye gada. Shagon Muhyiddeen yana bakin unguwar Biafra a Treichville, cike da atamfa da shadda da yake shigowa da su. Yana ganin ta fuskarsa ta washe. Wannan murmushin ne ya kama ta tun ranar da ya kawo 'ya'yan yayarsa kallon dabbobi, jaki ya cinye masa gefen hula, ya tsaya yana dariya.

"Zalina. Rabin raina. Amarya ba ta yawo washegarin gaisuwa, kin sani?"

"Ka san abin da kuka ci jiya?"

"Nama mai laushi. Baffana har yanzu yana yabo."

"Préfet ne."

Murmushin ya ragu, amma bai tafi duka ba.

"Ayya... Yako, chérie. Wallahi ban sani ba." Ya jawo mata kujera. "Amma ki duba ta wani gefen. Yayanki ya girmama mu ne. Ya zaɓi mafi kyau a garken."

"Jibi Laraba. Ɗaliban Madam Akissi za su zo. Me zan ce musu?"

"Ki bar min wannan."

"A'a. Kada ka yi komai, Muhyi. Ba don ka gyara na zo ba. Na zo ne in faɗa wa wani, ya ji haushi tare da ni."

"Na ji haushi mana."

"Ba ka ji ba."

Ya yi dariya ƙasa-ƙasa, ya aika a sayo mata bisap, wato zoɓo, mai sanyi. Tana sha tana kallon sa. Shi ne namiji na farko da ya ce mata bayan aure za ta ci gaba da haye gada kowace safiya ta je wurin dabbobinta. A kan wannan alkawarin ta ce masa to.

"Ka yi min alkawari ba za ka sayo komai ba," ta ce da za ta tafi.

"Je ki huta, masoyiyata."

Ta ɗauka amsa ce. Mace mai so takan ji abin da ba a faɗa ba.

Ranar Laraba ta fita da wuri, kamar kullum, ta tari motar yara a bakin babban titi, domin direbobi ba sa gane lungun. A hanya ta shirya maganar da za ta yi musu. Za ta tara su a gindin mangwaro, ta ce Préfet ya tsufa ya tafi, sannan ta fito da jariran zomaye kafin kuka ya yi nisa.

Ba ta san cewa tana fita wata mota ta tsaya a ƙofar gida ba. Muhyiddeen ya je har kasuwar dabbobi ta Port-Bouët ya zaɓo rago mafi girma, irin na Mali mai dogayen ƙafafu, ƙaho kamar an murɗa igiya. Shi da Abdulra'uf suka tura shi cikin shingen Préfet, suka ɗaura masa jan ƙyalle a wuya, suka laɓe a bayan mangwaro suna jiran su ga farin cikinta. A wurinsu lissafin a fili yake: an ci rago, an biya da wanda ya fi shi.

Yaran sun san hanya. Mota na tsayawa suka zubo da gudu, suna ihun "Préfet! Préfet!" Kafin Zalihatu ta sauko da ƙaramin cikinsu, wata yarinya mai kitso da 'yan duwatsu ta riga ta zare sakatar shingen.

Zalihatu ta hango farin abu inda bai kamata a ga komai ba.

Ragon ya dubi yaran. Ya sunkuyar da kai. Ya fara ja da baya.

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Yaran Abidjan ba su sani ba. Yarinyar ta buɗe hannuwa tana bin sa.

Zalihatu ba ta san yadda ta tsallake shingen ba. Ta ture yarinyar gefe, karon ya same ta a hannu da haƙarƙari. Ta ji ƙarar ƙashinta kafin ta ji zafin. Tana ƙasa ragon ya sake ja da baya, sai ga Muhyiddeen ya faɗa masa ya riƙe ƙahon, shaddarsa na jan ƙasa.

Yara na kuka. Madam Akissi tana ƙirga kawuna tana tura su mota. Da ta gama ta dawo ta tsaya a kan Zalihatu.

"Yako, sannu, Tanti. Amma me zan faɗa wa iyayensu? Na amince da wurin nan ne saboda ke."

Aka yi mata ɗori a asibiti, aka dawo da ita gida. Washegari da la'asar Muhyiddeen ya zo da lemo da ayaba cike da leda. Inna ta shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗaki ta koma gefe tana tsince shinkafa. Idanunsa sun yi ja. Bai yi barci ba, wannan gaskiya ne.

"Zalina... da na gan ki a ƙasa, na ɗauka shi ke nan."

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Na yi tunani sosai. Ba zan iya ba. Ba zan zauna a shago kullum gabana na faɗuwa ba. In an ɗaura, ki bar wa Yaya Abdulra'uf wurin. Ni zan riƙe ki, ba abin da za ki nema ki rasa."

"Maimaita."

"Don ina son ki ne."

"Tun ina yarinya nake cikin dabbobin nan, ko ƙwarzane ban taɓa kai yaron wani gida da shi ba. Ragonka ya kwana nawa a nan kafin ya karya ni?"

"Niyyata alheri ce, kin sani."

"Na ce kada ka sayo."

"Na so in share miki hawaye."

"Ka tambaye ni wane irin rago ake sa wa yara? Ka san sai an shayar da shi da hannu, an saba masa da ihu da ja da tsunguli, kafin a bar yaro ya matso? Ka ga babba, ka ga fari, ka biya."

"To na ji. Amma abin da ya faru ya nuna aikin nan akwai haɗari ga mace..."

Ta yi wata 'yar dariya, haƙarƙarin ya soke ta, ta dafe.

"Yaya ya yanka bai tambaye ni ba. Ka sayo ba ka tambaye ni ba. Yanzu kun karya ni, kuma ni ce ban iya ba. Za a ɗauki wurin a ba wanda ya laɓe a bayan mangwaro."

"Zali, kada fushi ya sa ki faɗi abin da..."

"Abu ɗaya nake so. Ka ce, na yi kuskure, wurinki ne, ba zan ƙara sa hannu ba. In ka faɗa, ko gobe a ɗaura."

Ya dubi ledar lemon. Ya dubi Inna, ko za ta taimake shi. Inna ta ci gaba da tsince shinkafarta.

"Na riga na faɗa wa Baffa za ki bari," ya ce a hankali. "Ba zan koma in ce mace ta juya ni ba. Ki duba matsayina."

"Na duba."

"To?"

"Ka tafi da ragonka. Yana cin harawar awakina."

Ya tashi, ya sa takalmi, ya yi wa Inna sallama da murya kamar ta mara lafiya.

Abdulra'uf ya dawo daga Roxy ya tarar da labari, ya cika gidan da faɗa. Wa zai sake zuwa neman ta? Da wane ido zai dubi mutanen Treichville a masallacin Juma'a? A kan dabba za ta kashe aure?

"Abdulra'uf," Inna ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Gobe ka nemo mota. Ka kai musu goronsu da kayansu da ragonsu. Kai ka karɓa, kai za ka mayar."

"Inna, goyon bayanta kike yi?"

"Shinkafar da za ka ci anjima, daga bayan ɗakin nan ta fito. Ka wuce."

Da safe Zalihatu tana jin su ta taga suna kokawar cusa ragon a bayan mota, direba na zagi da yaren Dioula. Da ƙarar motar ta ɓace, gidan ya yi tsit. Ta juya fuska ga bango.

Inna ta shigo ta zauna a bakin gado. Ta ɗora hannu a kanta, kamar lokacin da take ƙarama.

"Kina son sa har yanzu?"

"Ina son sa, Inna..." Ta juyo ta dube ta. "Wallahi ina son sa."

"Na sani."

"Kuma ban san ko Madam za ta sake kawo yaran ba."

"Za ki je ki same ta, da ɗorin a hannunki, ta gani da idonta." Inna ta gyara mata mayafi. "Yi kukanki, 'yar nan. Yi sosai, kada ki rage. Amma ki gama kafin azahar. Zomaye ba su ci ba, ni kuma ba su san hannuna ba."