Mutum Goma Sha Huɗu da Suka Riga Shi

A ɗakin gwaje-gwaje na sashen Fiziks ta fara ganinsa, yana tsugune yana laluben wani ɗan madubi da ya faɗi. Ita ta hango madubin a bayan ƙafar kujera, amma kunya ta hana ta magana, sai ta nuna masa da yatsa.

"Na gode, 'Yar Shiru," ya ce. Sunan ya bi ta tun daga ranar.

Ita kuma Malam Kusan take ce masa. Ko lokaci ka tambaye shi, sai ya ce kusan ƙarfe biyu. Haka aka horar da su, abin da ba ka auna ba, ba ka rantsuwa a kansa.

Sun shekara tare, tana digiri na biyu, shi yana koyar da 'yan aji ɗaya, sai saƙonsa ya same ta a laburare:

"'Yar Shiruna, sun ɗauke ni digiri na uku a ƙasar waje. Shekara huɗu ne. Ba na so in tafi ni kaɗai."

Ta karanta sau uku. Tana tsoron ya tafi ya manta da ita, tana tsoron ƙasar da ba ta san kowa ba, amma tsoron Abba ya fi duka.

Da zancen ya isa gida, Abba ya ce a turo shi. Tana bayan labule da faranti a hannu ta ji an fara.

"Dakta za ka zama, ko? Na allura?"

"A'a, Abba, na Fiziks."

"To, in ka gama wane aiki za ka yi?"

Ta rintse ido tana roƙo a ranta. Ya ce koyarwa mana, ya ce kamfani, ya ce ko ma mene ne!

"Gaskiya ban sani ba tukuna, Abba."



Washegari Goggo ta iso da zancen ɗanta ma'aikacin banki. "Yaro ga ofis ga mota. Wancan kuwa furfura za ta same shi da jakar makaranta a baya!"

Abba ya ci gaba da sauraron Goggo. Hakan ya fi faɗa tayar wa 'Yar Shiru da hankali. Ta rubuta wa Malam Kusan:

"Ko ƙarya ce da ka yi masa mana."

"Ba ni 'yan kwanaki, rabin raina."

Kwana tara bai ƙara cewa komai ba. Da ta bi ta ƙofar ofishinsa, ta jiyo shi yana hira da wata mace ta cikin kwamfuta, har da dariya. Ta wuce da sauri. Wato tun bai tafi ba har ya samu wata?

Rana ta goma ya dawo gidansu da takarda ɗaya. Mutum goma sha huɗu ne suka gama a hannun farfesan da zai je wurinsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tambaye su, har da matar da ta ji muryarta. Biyar suna koyarwa, huɗu suna kula da injinan gashin cutar daji a asibiti, uku suna kamfanonin kwamfuta. Biyu har yanzu suna nema.

Abba ya gyara tabarau. "Waɗannan biyun fa, wa ya sa ka dole ka rubuta su?"

"Su ma a can suka gama, Abba. Zan iya zama na ukunsu."

Abba ya juya wajen labule. "Ke da ke laɓe, fito. Kin ji da kunnenki. In ya zama na ukun fa?"

Ta fito, idonta a kan tabarma.

"Ni ma na yi karatu, Abba. Zan yi aiki, mu ci tare har ya samu."

Abba ya daɗe yana dubanta. "Ashe kina da baki." Ya ninke takardar ya sa a aljihu. "Ka turo manyanka."

Saura mako uku tafiya aka ɗaura aure. Goggo ma ta zo, tana cin magani tana ɗibar abinci. Umma ta riƙe hannayensu tana hawaye.

"Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku da alheri, ya sa albarka."

Tsoron bai bar ƙirjin amarya ba. Amma da ta ɗago ta ga irin tsoron a idon angon, sai ta riƙe hannunsa, suka ce amin tare.