Ranar Ragi a Filin Motocin Yaya

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Tau! Tau! Gatari, shugaban gungun 'yan fashin, ya saki harsashi a sama, filin sayar da motocin hannu ya hargitse. Masu taya mota suka zube tsakanin tayoyi. Wani mai tumbi ya cusa kansa ƙarƙashin wata ƙaramar mota, kan ya shige, tumbin ya ƙi. Rana tsaka ce, ido na ganin ido. A saman ƙofa ƙaton ƙyalle na kaɗawa, an rubuta GAGARUMIN RAGI da jan fenti.

Birki na zaune cikin motarsu a bakin ƙofa, inji na aiki, fuskarsa rufe da baƙar hula mai ramin ido. Shi ne direban gungun. Sun laƙaba masa sunan ne don ba ya taka birki ko mutuwa ce a gabansa. Filin nan na yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma Gatari da yaronsa Tsatsa ba su sani ba.

Bakinsa ne ya ja masa. Da kasuwa ta mutu, Yaya ya sallami ma'aikata, har da shi Birki, haushin abin ya kai shi hannun Gatari. To su ma ɓarayin, mutuwar kasuwar ba ta bar su ba. Mai sayen motocin sata ya ce musu wa zai sayi ta sata, alhali mai takardu tana yashe a fili ana roƙon mutum ya ɗauka? Yunwa ta fara taɓa su. Ran nan suna zaune, hayaƙin wiwi ya hau kan Birki, ya shiga cika baki cewa ya san wani dila da yake tara kuɗi a buhu duk ranar ragi. Kafin hayaƙin ya sake shi, Gatari ya riga ya sa rana. Iyakar abin da Birki ya iya shi ne ya sa shi ya rantse ba za a zubar da jini ba. Rantsuwar Gatari kuma, kai jama'a!

Daram! Tsohon maigadi ya saki tsohuwar bindigarsa daga ɗakin gadi. Gaban motarsu ya fashe, ruwan lagireto ya yi feshi, inji ya yi tari ya mutu. Tsatsa ya juya, ko tambaya babu — tatatata! Tsohon ya jingina da bango, ya sulale, jini ya ja layi a bayansa.

Birki ya san tsohon nan, sun sha raba shayi a kofi ɗaya. Ya ɓalle ƙofa ya ruga ofis.

Ya tarar da Yaya durƙushe gaban akwatin ƙarfe a buɗe, Gatari ya dasa masa bindiga a ƙeya. Ba komai a akwatin sai takardun motoci da tarin makullai.

"Ina kuɗin, dila?"

"Wallahi babu. Ko ɗaya ban sayar ba."

"Kai, raina mana hankali za ka yi? Wannan jama'ar fa, biki suka zo?"

"Kallo suke zuwa, ranka ya daɗe. Su daki taya, su shiga su sha sanyin esi, su taya rabin rabi, su tafi. Na rage, na sake ragewa, har ƙasa da yadda na saya. Ba mai ko..."

Gatari ya kifa masa gindin bindiga a baki. Haƙora suka zubo kan tayil. Birki ya ji dukan har cikin nasa bakin.

"Oga," ya ce da muryar da ya shaƙe don kada a gane shi, "ka ce ba jini."

"Dalla rufe mana baki! Kai ka kawo mu gidan matsiyata!"

Tau! Ya harbi Yaya a cinya. Yaya ya ƙwalla ƙara, ya faɗi yana kiran sunan Allah. Daga nesa jiniya ta fara kuka.

Tsatsa ya leƙo. "Oga, ta ɓaci! Motarmu ta gama aiki!"

"Motoci sun ƙare ne a nan? Ɗauko makullin waccan!" Gatari ya nuna baƙar jif da ke bakin ƙofa, wadda aka wanke tana walƙiya don jan ido. "Shi ma dilan da shi za mu, shi ne garkuwarmu. In mun tsallake gada mun samu babura, sai mu yar da shi. In ya yi mana gardama a hanya, na fasa masa kai."

Suka ja Yaya suka wurga shi kujerar baya, Gatari ya zauna kusa da shi, Tsatsa a gaba. Birki ya murza makulli, jif ta ɗauka da gurnani, sai ga jar fitilar mai ta kunna. Allurar tanki na kwance a ƙasa.

Bai yi mamaki ba. Ba dilan da yake cika wa motar talla tanki. A iya saninsa galan guda Yaya ke zuba wa kowace, na gwaji, kuma galan guda zai tsallakar da su gada har da saura. Amma in Gatari ya ga fitilar nan a wannan yanayi, a kan Yaya zai huce. Birki ya fizgo kwalin farashin da ke manne a gilas, wanda aka soke tsohon kuɗi aka rubuta sabo, ya jingina shi a bayan sitiyari ya rufe fitilar. Ya taka totur, suka yi awon gaba da ƙofar ƙarfen.

A mahaɗar titi ta ƙasa, sufeton 'yan sanda ya ga baƙar mota ta fito a guje, gilashin gabanta da sauran gam ɗin talla, babu lamba.

"Su ne! Bi su, kofur! Kowa ya gyara bindiga, amma kada a yi harbi, an ce da mutum a ciki!"

Jif na cin kwalta. Birki na ratsa motoci, yana kaucewa masu tura kaya, idonsa ɗaya a titi ɗaya a madubi. A madubin ya ga Yaya, riga ta jiƙe da jini, baki a fashe, yana kallon hannun da ke kan giya. Yayan ne ya koya wa hannun nan tuƙi. Ya san yadda yake riƙe giya da yatsu uku, ya sha dukansa a kan haka. Idonsu ya haɗu a madubi, Birki ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Direba," Yaya ya ce da ƙyar, "kashe esi. In ka samu gangara, sa ta a firi."

"Ji ɗan rainin wayo!" Tsatsa ya tuntsire da dariya. "Ana sace masa mota yana tsimin mai!"

"Ƙure esin!" Gatari ya daka tsawa. "Zafi nake ji. Kuma ka taka, jiniyar nan na matsowa!"

Birki ya ƙure, ya taka. Amma maganar ta tsaya masa a rai. Yaya ba mai maganar banza ba ne, balle da harsashi a cinya.

"Galan..." Birki ya fara, kamar mai magana da kansa.

"A da ke nan," Yaya ya ce, ya lumshe ido. "Yanzu gora ɗaya."

Gorar ruwa ɗaya! Nan Birki ya gane wautarsa. Da tsohon lissafi ya fito, na zamanin da kasuwa ke ci. Tun barinsa filin abubuwa sun ƙara lalacewa, bai taɓa komawa ya gaida Yaya ba balle ya sani.

"Me kuke cewa?" Gatari ya zaro ido.

"Sambatu yake, Oga, jini ne ya zuba."

Ga gadar can a gaba, hawa ne mai tsawo. Birki ya shiga roƙon motar a zuciyarsa kamar mai lallashin jariri. Ta kama hawan. Ta yi tari. Ta fizga, ta sake tari, sitiyari ya yi nauyi a hannunsa. A tsakiyar hawan ta yi shiru.

"Meye haka? Tayar da ita!"

Ya murza. Cakakaka — shiru. Ya sake murzawa. Tsatsa ya kai hannu ya fizge kwalin farashin, jar fitila ta bayyana.

"Oga, ba mai! Shegen nan ne ya rufe! Ya sayar da mu!"

Birki ya ji sanyin bakin bindiga a bayan kunnensa.

"Dama na ga take-takenka," in ji Gatari. "Yi salati."

"Kada ka taɓa min ƙane!"

Yaya ne, mutumin da ko zama ba ya iya yi. Ya faɗa kan Gatari da hannu biyu, ya janyo bakin bindigar zuwa jikinsa. Tau! Tau! Motar ta cika da hayaƙi da ƙauri.

Tsatsa bai tsaya ganin ƙarshe ba. Ya ɓalle ƙofa ya cika wandonsa da iska, yana harbi ta baya. 'Yan sanda suka amsa masa gaba ɗaya. Ya yi tsalle kamar an fizge shi da igiya, ya faɗi kan ƙarfen gada, bai ƙara motsi ba.

Birki kuwa ya riga ya tsallaka kujerar baya. Bai san yana ihu ba. Ya danne Gatari, ya kafa masa haƙori a wuyan hannu har ya ji ƙashi. Gatari ya soka masa yatsa a ido, ya sa masa gwiwa a ciki. Birki bai saki ba. Ya murɗe bindigar da dukkan ƙarfinsa, ya tura bakinta ƙarƙashin haɓar Gatari, ya danna yatsan Gatarin a kan kunamar bindigar. Tau! Rufin motar ya yi ja, Gatari ya saki jiki.

"Yaya! Yaya, dube ni!"

Ya toshe cikin Yaya da tafin hannu, jini na ɓulɓulowa ta tsakanin yatsunsa, da ɗumi, ba ya tsayawa. Takun takalma na matsowa, ana ihun kowa ya fito hannu a sama.

Yaya ya ɗaga hannu. Birki ya ɗauka mari ne, ya ma miƙa kumatu. Sai Yaya ya kama baƙar hular ya zare ta daga fuskarsa, ya cusa ta ƙarƙashin cinyarsa, ya danne.

"Kai dai ba ka ji," ya ce a hankali. "Ka rame."

Aka fizge ƙofa, bindigogi suka leƙo.

"Kada ku harba," Yaya ya ce wa sufeton, kowace kalma da jini take fitowa. "Wannan ƙanena ne. Direbana ne. Tare suka sato mu... shi ya cece ni."

Birki ya buɗe baki, Yaya ya matse masa hannu da sauran ƙarfin da ya rage masa. Ƙarya ce da ba za ta kai yamma ba, mutum nawa a filin suka ga direba da hula a fuska? Yaya ma ya san haka. Amma a kanta ya ƙarar da numfashinsa. Hannun ya saki.

Gawa huɗu a yini ɗaya, har da tsohon maigadi, kuma ko sisi ba a ɗauka ba. Jif ɗin da aka yi watanni ana rage mata farashi tana tsaye a kan gada, ƙofofi a buɗe, jini na ɗiga daga matakinta.

Sufeton ya janye Birki gefe, ya zaunar da shi a bakin titi, ya dafa kafaɗarsa.

"Ka yi ƙoƙari, ɗan'uwa. Ba kowane ƙane ne zai yi abin da ka yi ba. Allah Ya jiƙansa." Ya ciro wayarsa ya miƙa masa. "Mahaifiyarku na raye?"

Birki ya gyaɗa kai.

"To kira ta. Gara ta ji daga bakinka."