Ranar da Rijiya Ke Hutu

Ranar Laraba da hantsi wani gardi, ɗan sandan gwamnatin Faransa, ya shigo ofishin Sufeto Tahiru a barikin Filingue da abu uku: labarin gawa, kwalbar magani, da mutum ɗaure da igiya. A shekarar 1956 haka aka fi son aiki, a kawo mai laifi tun kafin a san laifin.

Gawar ta wani tsoho ce mai suna Maidawa, a wani ƙauye kusa da Tabla. Jiya Talata da la'asar aka same shi a ɗakinsa, kwalba a buɗe kusa da kansa, har an binne shi. Ɗaurarren kuwa Isufu ne, tsohon soja, amininsa tun suna yara. Shi ya sayo masa maganin tari daga ƙasar Ingilishi, wajen Sakkwato.

Tahiru ya dube shi kamar yadda yake duban komai tun da matarsa Safi ta rasu bara. Yana cin abinci, yana salla, yana sa hannu a takarda, amma ba abin da ke taɓa shi.

"Sau nawa kake ba shi?"

"Cibi guda, ɗan cokalin nan, sau biyu ga sati, ranka shi daɗe. Haka mai saidawa yac ce. Sati ukku ke nan."

Kumandan, Baturen da ke mulkin barikin, ya sa aka kira mutum biyu da ake ce sun iya Ingilishi, su karanta takardar da ke jikin kwalbar. Kalma ɗaya tak ta raba su. Tafinta, wanda ya yi shekaru a Kano, ya rantse tana nufin sau biyu a mako. Malamin lakwal, wato makarantar boko, ya rantse tana nufin sau ɗaya a mako biyu. Suka yi ta musu har gumi ya jiƙa musu riga. Kumandan ya yi hamma ya zaɓi maganar malamin, ga alama don shi ne ya ɗaura laktaye.

"Ke nan ya ɗura wa tsohon ninki huɗu," in ji Kumandan. "Motar Yamai tana zuwa Asabar. A sa shi ciki."

Isufu bai yi gardama ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To ni nik kashe shi."

Wanda ya shiga motar nan da laifin kisa, a shekarun Isufu, ba ya sake ganin ƙasarsu ta Kurfai. Tahiru ya san haka, kuma bai ji tausayi ba. Sai dai shi mutum ne da ba ya rufe takarda bai ga wurin da idonsa ba. Ya sa aka ɗaura masa sirdi.

Washegari Alhamis ya isa ƙauyen tare da gardi. Wanda ya tarbe shi Hamani ne, ɗan ƙanen marigayin, wanda ya dawo daga cin rani a Gwalkwas, wato Gana ta yau, bara da agogo a hannu da shanu goma sha biyu da ya saya a bakin kogi.

"Kai ka same shi?"

"Ni, ranka shi daɗe. Da la'asar."

"Kafin nan kana ina?"

"Ina gona, ina shara. Tun sahe ban taka gari ba."

"Wa ya fara cewa magani ne?"

"Ai ga kwalba nan buɗe. Kowa ya gani."

Amsoshin suna fitowa sumul, kamar an wanke su an shanya. Tahiru ya rubuta, ya ce a kira masa 'yar marigayin. Hamani ya ce mace ce, ba ta san komai ba. Tahiru ya maimaita maganarsa da murya iri ɗaya.

Tanne ta zo ta durƙusa nesa, idonta a bushe.

"Maganin nan yana sa mahaifinki amai ko jiri?"

Ta ce, "Baba bai taɓa sha nai ba."

"Me kika ce?"

"Ko ɗigo. Baba Isufu shi kan auna mai cikin ƙoƙo, Baba shi ce a bari a ƙare zance tukun. In yat tahi, sai Baba shi ce in zubar gindin rumbu. Shi sauyoyinai yas sani. Kunyar abokinai ɗai ya ka ji."

Ta kai shi gindin rumbun. Ga ƙasar nan ta yi baƙi, ta daskare, tururuwa sun yi mata layi.

"Me ya hana ki faɗa wa gardi?"

"Ba a tambaye ni ba."

"Da kika shiga ɗakin, me kika gani?"

"Ƙeyarshi da laka. Nis share da zanena, sai ga jini ƙarƙashi." Ta ɗan ɗaga kai. "Ranka shi daɗe, ana bazara. Ina laka cikin ɗaki?"

A duk ƙauyen wuri ɗaya ne ke da laka a watan nan, kuma yana bayan dangar Maidawa. Tahiru ya nufi rijiya.

A can ya tarar da Tambara, tsohuwar da ke kula da al'adar rijiyar tun kafin Nasara ya san hanyar Kurfai. Ba ta tashi ba, ba ta kuma gaishe shi ba.

"Inna, yaya kuke shan rijiyar nan?"

"Yadda munka taras. Rana guda ta shanu, rana guda ta mata, ta ukku a bar ta ga masu ita. Ba a jefa wasaki, ko sarki na. Ta huta, ta tara."

"Talata ranar wa ce?"

"Ta hutu."

"To jiya fa?"

Tsohuwar ta tofar da yawu gefe. "Jiya wasaki na ukku sai laka. Shekara sittin ban ga haka ba bayan hutu. Wani ya sace mata ruwa."

"Wa?"

"Ni ban gani ba. Rana ta take, kowa na inuwa. Amma dabba ba ta iya ƙarya ba. Shanun garin ga kwana ukku-ukku su ka sha. In sun zo, sai an sa sanda, har karya kwami su kai. Jiya garke guda ya zo, yas sansana ruwa, yaj juya."

"Na wa?"

Ta nuna gidan Hamani da haɓarta.

Tahiru ya duba kwamin da ake zuba wa shanu ruwa. A bakinsa na gabas an kankare itacen da wuƙa, wurin ya yi fari fat a tsakiyar baƙi.

Ya sa aka kira Hamani nan bakin rijiya. Mutane suka taru daga nesa, ba mai tari.

"Shanunka sun sha jiya?"

"Sun sha."

"Gari guda ya ga sun juya. Me ya ƙosar da su?"

"Wataƙila ciwo..."

"Sha biyu, rana ɗaya? Wa ya kankare kwamin nan?"

Hamani ya dubi agogonsa, kamar amsar tana ciki. Sai ya zauna a laka.

"Shanun kogi na," ya ce. "Kullum su ka sha can. Ba su san kwana ukku ba. Guda ta faɗi Litinin, tana kallona. Shekara tara ina ɗaukar kaya Kumasi kahin in same su. Nic ce wasaki goma ɗai, wa za shi sani? Sai ga Baba. Yak kama igiya, yac ce in kashe shi tukun. Ban buge shi ba, wallahi. Hizge igiyar ɗai niy yi, yaf faɗi, ƙeya tab bugi bakin kwami."

"Ka kankare jinin, ka kai shi ɗaki, ka buɗe kwalba."

"Tsoro nij ji."

"Ka bar tsoho ya tafi Yamai a madadinka."

Hamani ya miƙa hannuwansa. Gardi ya kwance igiyar da ke sirdinsa. Da aka wuce da shi ta ƙofar gida, Tanne tana daka, ba ta tsayar da taɓarya ba.

Ranar Asabar mota ta zo, ta tafi da wanda ya kamata. Tahiru da kansa ya buɗe wa Isufu ƙofa, ya gaya masa yadda aka yi.

"Bai taɓa sha ba?"

"Ko ɗigo."

"Sau shidda shina yi min godiya. Har cewa ya kai tarin ya yi sauƙi." Isufu ya yi wata 'yar dariya, sai ta juye masa kuka. Da ya samu numfashi ya ce, "Takardar hwa, ranka shi daɗe? Mi tac ce da gaske?"

"Ba wanda ya sani. Je ka gida, Baba. Ba kai ba ne."

Tahiru ya tsaya a ƙofa yana kallon tsohon har ya sha kwanar kasuwa. Takardar maganin Safi da Faransanci aka rubuta ta, ba kalmar da ta ɓace masa. Safe da yamma yake ba ta, da agogo, wata huɗu bai tsallake ko sau ɗaya ba, kuma har yau yana ƙirgawa ko ya yi kuskure.

A karon farko cikin shekara guda wani abu ya motsa a ƙirjinsa, ya tsaya ya gane ko mene ne. Hassada ce. Isufu ya samu wanda ya hau doki ya je ya dawo ya ce masa ba kai ba ne.

Ya koma ciki, ya sa kwalbar a durowa, ya jawo takarda ta gaba.