Tawada a Bayan Auta

Auta na zaune a bakin gado tana fama da zif ɗin rigarta, sai ga mijinta Tela ya shigo da tef ɗin awo rataye a wuya. Ya sunkuya zai taimaka mata, sai ya tsaya cak. Ɗigo uku na baƙar tawada ne a gadon bayanta.

"Wa ya yi miki wannan zanen?"

"A asibiti ne, Maigida. Alama ce ta inda hasken na'ura zai sauka. Sun ce kada in goge."

Wata huɗu da aurensu ciwon baya ya sa Auta a gaba. Hoto ya nuna wani ƙullutu mai ruwa a cikin ƙashin bayanta. Likita ya ce ba ciwon daji ba ne, amma wurin yana da haɗarin tiyata, don haka za a yi mata gashi da haske sau goma sha biyar. Tela bai taɓa raka ta ba, ɗinki ya yi masa yawa.

Da rana yayarsa ta iske shi a shago.

"Kai dai sakarai ne, ƙanena! Na raka ta jiya. Mai na'urar saurayi ne, fari tas, sai ƙamshi yake. Aka shige da ita, aka rufe wata ƙatuwar ƙofa, aka bar ni a benci kamar bara!"

Tela ya taka keken ɗinki har allura ta karye. Da ya koma gida ko sallama bai yi ba.

"Daga yau an gama gashin nan!"

"Haba Maigida, saura tara fa! Don Allah ka zo ka gani da idonka..."

"In ga me? Wani ƙato yana taɓa bayan matata?"

"Wallahi nas ce take kwantar da ni, mace ce!"

"Na gama magana!"

Auta ta yi kuka har idanunta suka kumbura, amma ba ta kai ƙara gidansu ba. Kullum da safe takan roƙe shi sau ɗaya, ya yi tsaki ya fita. Ko ta ɗauki waya sai ya tambaya da wa take magana.

A kwana na shida tana shanya a tsakar gida ƙafarta ta hagu ta saki. Ta zube, ta kasa tashi. A hannu Tela ya ɗauke ta zuwa asibiti.

Likita ya dube shi. "Ƙullutun yana danne jijiya. Wa ya hana ta zuwa?"

Tela ya sunkuyar da kai.

Washegari shi ya tura ta a keken marasa lafiya har ƙofar ɗakin gashi. Nas ta kwantar da ita, ta fito, ta rufe ƙofa. Mai na'urar ya kira shi: "Malam, zo ka zauna. Ba wanda ke tsayawa a ciki idan haske na aiki, ko ni."

A allon talabijin da ke gaban mai na'urar Tela ya ga matarsa kwance ita kaɗai a ƙaton ɗaki, ta runtse ido, leɓɓanta na motsi da addu'a. Ashe haka ta yi ta shiga, ba kowa a gefenta! Hawaye suka zubo masa.

Da aka fito da ita ya durƙusa a gaban mutane. "Ki yafe mini, Auta. Na kusa gurgunta ki."

"Na yafe. Tashi, ana kallonmu."

Bai ƙara fashin rakiya ba. Da yayarsa ta sake ɗauko zancen, ya ce, "Yaya, da girmanki, ki bar mini gidana."

Bayan wata biyar Auta ta ajiye sandar da take dogarawa, ta taka da ƙafarta har shagonsa. Haƙurinta ne ya riƙe auren. Shi kuwa Tela ya gane cewa kishin da aka gina a kan "an ce" ba so ba ne, kuma wanda kake ƙauna shi yake fara cutarwa.