Abin da Aka Faɗa a Ofis

Auta na falo tana goge baƙin siket ɗinta na aiki sai ga sallamar Dogo, saurayin da za ta aura. Ba ta daɗe da fara koyon aiki a ofishin wata babbar lauya ba, inda nata bai wuce ɗaukar fayil da zama a gefe tana sauraron masu kawo matsalarsu ba. Amma a bakin Dogo ta riga ta gama zama lauya.

"Lauyata, akwai matsala fa," ya ce yana sosa ƙeya. "An ga Baba ya shiga ofishinku. Mama ta ce in tambaye ki me ya kai shi."

Ta ajiye dutsen guga a hankali. "Ka san ba zan iya ba. Abin da aka faɗa a ɗakin nan, a nan yake zama."

"Haba! Plis, ko kalma ɗaya—mahaifina ne fa!"

Umma, mahaifiyarta, ta leƙo daga kicin. "Ɗana, kada ka wahalar da kanka. Ni da na haife ta, ko launin labulen ofishin ba ta gaya min ba!"

Aka yi dariya, amma abin bai tsaya a dariya ba. Washegari Mama, mahaifiyar Dogo, ta sa aka kira mata Auta.

"Tun ba ki shigo ba kike ɓoye min maganar mijina? To, ba dai a gidana ba!"

Auta ta durƙusa, hawaye na zuba. "Ki yi haƙuri, Mama. Amana ce."

Daga ranar maganar aure ta tsaya cak. Gwaggon Auta ta yi ta faɗa: "Za ki rasa miji a kan fayil?" Abin ya ci Auta ƙwarai, don tana son Dogo kamar ranta. Shi ma, bawan Allah, bai daina zuwa ba. Sai ya zauna ya haɗe rai ya ce, "Fushi nake da ke, na zo ne kawai in yi shi a kusa."

Daga baya Baba da kansa ya faɗa wa iyalinsa: rigimar iyakar shago ce da maƙwabcinsa, ya ɓoye ne saboda hawan jinin Mama. 

Wata safiya Auta na jera fayil sai ga Mama a ƙofar ofis, ta ja mayafi har goshi, tana waige-waige. Babbar lauya ta ce Auta ta ba su wuri.

"A'a, bar ta," in ji Mama. "Saboda ita na zo nan. Na matsa mata har ta yi kuka ba ta faɗi ta mijina ba. Tawa ma ba za ta fita ba. Zauna, 'yata."

Da yamma Dogo ya shigo bakinsa har kunne. "Mama ta ce a ci gaba da shirin aure! Wai me ta je yi ofishinku ne?"

Auta ta dube shi, ta yi murmushi. "Wace Mamar?"

Ya riƙe kai yana dariya. "Na shiga uku, haka zan ƙare rayuwata!"

Haka kuwa ya ƙare ta, cikin kwanciyar rai. Wanda ya riƙe amana a ranar da riƙonta ke da zafi, wata rana masu fushi da shi ne za su kawo masa tasu.