Farar Rigar Ɗalhatu

A shagon fotokofi na baban Fatsuma da ke Samaru Ɗalhatu ya fara ganinta. Shafi ɗaya ya kawo, ya tsaya har aka ɗauke wuta.

"Malam, takardarka ta fito tun ɗazu," ta ce tana danne dariya.

"Na sani. Ni ne ban fito ba."

Ni shaida ne, don a gidana yake haya. Ban taɓa zama a aji ba, amma ɗaliban da suka kwana ƙarƙashin kwanona sun fi aji goma. Yajin aiki ya kwashe su, gobara ta ci mini ɗakuna, ina nan daram.

Da ya nemi aurenta, babanta ya ƙi. Cewa ya yi ɗalibi baƙo ne, yana karɓar digiri sai tasha.

Ranar jarrabawar ƙarshe ɗalibai kan sa farar riga, kowa ya yi wa kowa rubutu. Wata 'yar ajinsu, Omolara, ta zana masa zuciya a baya da jan biro. Hoton ya isa wayar Fatsuma kafin shi.

Ta rubuta: "Allah ya sanya alheri. Ka gaida mai jan biro."

Ya amsa: "Haba Fatuna, bayana ba ido. Gaban rigar fa? Tun safe nake kare shi da hannu, naki ne."

Ta kashe wayarta.

Yaro ya zauna a ƙofata kamar an yi masa rasuwa. Na ce, "Tashi, kar ka cire rigar." Na tasa shi gaba har shagon.

"Alhaji," na ce wa babanta, "ni ban iya karatu ba, amma na iya ganin fari. Duba ƙirjin nan. Mata cike da makaranta, ya hana kowa."

"In ya tafi fa, Baba?"

"Ya riga ya sami aikin koyarwa a nan kusa, a Muchia. Kuma ni ne uban ango."

Alhaji ya daɗe yana kallon 'yarsa. Sai ya zaro biro daga aljihu ya miƙa mata.

Ta yi rubutu a ƙirjin rigar. Na tambayi abin da ta sa, ta rufe fuska da mayafi. Har yau ba wanda ya karanta mini.

Bayan sallah aka ɗaura aure, ni na karɓa masa. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya kai ni in ga 'ya'yansu a jami'ar nan.