Warin Kananzir a Gilashin Tasi

Ƙarfe shida da rabi na safe mai shara ta tsinci gawar Baba Mai-Ƙofa a filin ajiye motocin da yake gadi, bayan asibitin haihuwa. Yana kwance rub da ciki kusa da tayar gaba ta wata tsohuwar tasi, ƙeyarsa a fashe. Gefensa ga ƙarfen nan mai launin ɗorawa da kamfanin filin ke ɗaure tayar mota da shi, jini ya bushe a bakinsa. An yanke kwaɗon ƙarfen, zarton ma ga shi nan a yashe.

Kafin Sufeto ta iso, Kofur ya riga ya gama shari'a a ransa, har ya sa an kamo mai tasin. Kofur mutum ne mai son aiki ya ƙare kafin rana ta yi zafi.

"Ranki ya daɗe, ai magana a fili take," in ji shi. "Jiya aka ɗaure masa mota, ya shaƙe tsohon gaban mutane, ya ce sai ya ga bayansa. Yau ya dawo da zarto, tsoho ya kama shi, shi ke nan."

Sufeto ta matsa kusa da tayar. Mace ce da ta haura hamsin, gwiwarta ta dama ba ta son tsuguno, amma ta tsuguna. Ta shafa simintin ƙarƙashin tayar da tafin hannu, ta duba hannun. Ƙura ce kawai. Ta miƙe ta zagaya gaban motar. Gilashin duk ya yi datti, sai wani wuri guda daidai faɗin littafi da yake ƙal, kamar an wanke shi yanzu. Ta kai hanci ta shinshina.

Can bakin ɗakin gadi wani dogon mutum na zaune a ƙasa yana rusa kuka, mutane na ba shi baki. Kofur ya ce shi ne Mai Makulli, wanda ke ɗaure tayoyi yana kwancewa, kuma mijin 'yar mamacin. Tsohon ne ma ya samo masa aikin.

A ofishin 'yan sanda ta fara da direba. Siriri ne, idanunsa sun yi ja, ƙafarsa ɗaya ba takalmi.

"Me ya kai ka filin?"

"Matata na kai, naƙuda ta taso mata. Minti goma ban yi ba, ranki ya daɗe. Na fito na tarar da ƙarfe a taya, takarda a gilashi."

"Ba ka ga allon da ya ce a biya kafin a ajiye ba?"

"Wallahi da na shiga, bayansa na gani, bango yake kallo. Da na fito kuma ga shi yana kallona."

"Ka shaƙe tsohon?"

"Na shaƙe shi. Tarar da suka yanka mini ta fi abin da nake samu a wata. Motar nan ita ce gonata." Ya sunkuyar da kai. "Da mutane suka watse ya biyo ni, ya ce, ɗana, yi haƙuri, jibi zan tsaya gaban kwamitin hukumar gari in faɗi yadda ake juya allon nan. Ni da na ci kwalarsa."

"Da asuba kana ina?"

"A bencin asibiti."

"Wa ya gan ka?"

"Ranki ya daɗe, wa ke kallon talaka a benci?"

Gaskiya ya faɗa, babu wanda ya gan shi. Idan maganar ta tafi kotu a haka, ɗan da aka haifa masa jiya sai dai ya san ubansa a hoto.

Ofishin kamfanin ɗaki ɗaya ne mai sanyin na'ura, a ƙarshen filin. Manaja na zaune bayan tebur, tumbinsa ya tokare aljihun teburin. A bango ya jera lasisi uku cikin gilashi, irin jerin da mai gaskiya bai cika buƙata ba. Kan teburin akwai doguwar ƙusa a kafe a katako, an soke takardu masu launin ɗorawa a kanta.

"Makullin ƙarafan nan nawa ne?" in ji Sufeto.

"Biyu. Ɗaya a wurina, ɗaya a wurin yaronmu Mai Makulli."

"Kana ina da asuba?"

Ya yi murmushi ya turo mata tikitin mota da rasit ɗin masauki. Tun shekaranjiya yana wani gari, ƙarfe takwas ya sauka, makullinsa na cikin jakarsa. Ta buga waya masaukin aka tabbatar. Ranta bai so ba, domin ta fi son a ce shi ne.

"Ka san tsohon zai ba da shaida kan allo?"

"Allo? Iska ce ke juya shi. Mu komai namu bisa doka ne." Ya gyara zama. "Na dai ce da yara, in aka rufe wurin nan kowa ya nemi inda zai ci abinci. Wannan laifi ne?"

"Waɗannan takardun fa?"

Nan bakinsa ya buɗe, don yana alfahari da tsarin, shi ya ƙirƙiro shi. Duk motar da aka ɗaure, ana manna mata takarda a gilashi da lambarta a rubuce. Gam ɗin mai ƙarfi ne da gangan, don direba ya sha wahala. Idan ya biya tara, Mai Makulli ya kwance ƙarfe, ya ɓare takardar ya kawo ofis, da ita ake ba shi kamasho. Amma sai ta zo lafiya lau. Wadda ta yage ba a biya.

"To yaya yake ɓare ta ba ta yage ba?"

"Kananzir da reza. Hannunsa ya ƙware, ko ido rufe zai yi."

"Yaushe ya kawo na ƙarshe?"

"Ɗazu da na iso. Na jiya ne, ya zaro su daga aljihu yana kuka, bawan Allah. Na ce ya je ya ji da makoki."

Sufeto ta zare takardun daga ƙusar ɗaya bayan ɗaya. A ta huɗu ta tsaya. Ta sa ta cikin ambulan, ta ce da Kofur ya leƙa bayan ɗakin gadi inda ake ajiye kayan aiki, ya duba ƙasan benci, sannan ya shigo da Mai Makulli.

Ya shigo yana share hawaye da gefen riga.

"Allah ya jiƙan Baba," in ji Sufeto.

"Amin, ranki ya daɗe. Ubana ne, ba suruki ba. Shi ya rufa mini asiri."

"Tasin nan, an biya tararta?"

"Ko sisi."

"To ka kwance mata ƙarfe?"

"Ni? Ai ba a kwancewa sai an biya. Tun da na ɗaure ta jiya ban ƙara zuwa kusa da ita ba."

"Ko gilashinta ba ka taɓa ba?"

"Me zai kai ni?"

Ta ciro takardar ta shimfiɗa a gabansa. Lambar tasin na jiki, da rubutun hannunsa, ko kusurwa ɗaya ba ta yage ba. Kukan ya tsaya cak.

"Bari in faɗa maka yadda aka yi, in na yi kuskure ka gyara mini," in ji ta. "Wanda ya yanke kwaɗo a jikin taya dole garin ƙarfe ya zuba a ƙasa. Na shafa, babu. Kofur ya same shi ƙarƙashin bencin kayan aikinku. Wato da makulli aka buɗe ƙarfen, aka je can aka yanke kwaɗon, aka dawo da shi don a ce direba ne. Makulli biyu ne, ɗaya ya kwana a wani gari. Ka buɗe ƙarfen tun kafin Baba ya zo aiki, ka jira ya sunkuya yana duba tayar, ka sauke masa shi a ƙeya. Ka ji direba ya yi barazana gaban mutane, ka ce ga wanda zai ɗauki kayan."

Ta ƙara tura takardar gabansa, ta ci gaba.

"Dabara ta yi kyau. Amma sabo turken wawa. Shekara shida duk ƙarfen da ka kwance sai ka ɓare takarda. Hannunka bai san wannan kwancewar daban ce ba. Direban da ya zo satar motarsa da zarto ba zai tsaya yana shafa kananzir a gilashi ba, kuma ba zai kawo takardar ofis a biya shi ba."

Mai Makulli ya daɗe yana kallon takardar kamar yau ya fara ganinta.

"Wallahi ban san na cire ba," ya ce a hankali. Sai muryarsa ta tashi. "Sau uku ina roƙonsa! Na ce Baba, ni ke juya allon nan, in ka yi magana ni za a ɗaure, jikokinka su ci me? Ya ce gara su kwana da yunwa. Tsoho da taurin kai!"

"Wa ya sa ka juya allon?"

Ya dubi Manaja. Manaja na duban farcensa.

"A rubuce babu wani umarni nawa irin wannan," in ji Manaja. Kuma babu ɗin. Wanda zai iya cewa akwai yana ɗakin ajiye gawa, ɗayan kuma yanzu maganarsa ta mai kisan kai ce. Ranar da kwamiti ya zauna babu shaida, aka ɗage zaman sai abin da hali ya yi.

Kwana huɗu aka yi kafin a kammala takardun sakin direba. Sufeto da kanta ta raka shi filin ya ɗauki motarsa, domin an sallami matarsa, tana bakin asibiti da jariri tana jira. Suka tarar da sabon ƙarfe a tayar.

Manaja ya fito da takarda a hannu. Tarar farko na nan, ga kuɗin ajiya na kwana huɗu a kai, ga na sabon kwaɗo.

"Kwana huɗun nan a tsare yake, kuma ba da laifinsa ba," in ji Sufeto. 

"Ai ba mu muka tsare shi ba, ranki ya daɗe. Mu mota muka sani, kuma a filinmu ta kwana. In an kai wata ba a biya ba, doka ta ba mu damar gwanjo."

Ta sa aka ɗauko lasisin daga ofis, ta karanta, ta sake karantawa. Haka ne. Shekara talatin tana aiki, ba ta taɓa jin kakinta ya yi mata nauyin banza kamar ranar ba.

Direba ya dubi adadin, ya dubi motar. Bai yi ihu ba, bai shaƙe kowa ba. Kwana huɗu a bayan kantar 'yan sanda sun koya masa darasi.

"Amma ni mai tausayi ne," in ji Manaja. "Ka ga yanzu ba mu da mai ɗaure taya. Ka kama aikin, ana cirewa daga kamashonka. In kana da zafin nama, wata biyar ka fanshi motarka."

Wata ƙaramar mota ta shigo filin a guje. Wani mutum ya fito yana tallafe da mace mai ciki, ko ƙofa bai tsaya rufewa ba, suka nufi asibiti. Direba ya bi su da kallo har suka shige. Sannan ya juya ya hango matarsa can a tsaye cikin rana, ta rufa wa jaririn gefen mayafi.

"Kada ka yarda," in ji Sufeto.

"Ranki ya daɗe, ke za ki biya?"

Ta mayar wa Manaja lasisinsa.

Manaja ya miƙo makulli, da reza, da 'yar kwalbar kananzir. Direba ya karɓa da hannu biyu.

"Ga ta farko can," in ji Manaja. "Yi sauri kafin ya fito."